Darasi A Kan Fatsa A Ruwan Gishiri, Ga Mai Son Farawa Da Ƙaramin Jari

 Wannan karo mun ɗan jingine zancen gero da wake, za mu yi magana a kan kamun kifi da ƙugiya a ruwan gishiri. Dalili kuwa shi ne, tun da aka hana acaɓa a wasu manyan unguwannin Ikko a 2020, aka kuma tsananta a watan Yuni na 2022, yaranmu da yawa da ke can suka rasa abin yi. Wasu sun komo gida, wasu sun kama dako, wasu kuwa sun ga ruwa shimfiɗe a gabansu sun ce bari su gwada su. Suna aiko mana da tambaya ta bakin direbobin da ke kai mana kaya: me za a saya, me za a sa wa ƙugiya, ina za a tsaya. Kusan kowane ɗayanku yana da ɗa ko ƙane ko yaron shago a Kurmi, saboda haka wanda ya karanta ya isar.

Mu ba Sarkawa ba ne, ba mu gaji su ba. Abin da muka sani mun koye shi ne a shekarun da muke rakiyar hatsi daga Dawanau zuwa Ido. In an sauke kaya sai zaman jiran kuɗi, wani lokaci mako biyu cur, ga ruwa nan dab da kasuwa. A nan muka saba da wani tsoho masunci, Ba'ilaje, shi ya koya mana mafi yawan abin da za mu faɗa.

Ku sani ruwan gishiri a Ikko iri biyu ne. Akwai teku ainihi, mai raƙuman ruwa, wadda kowace lita ta ruwanta tana ɗauke da gishiri wajen giram 35. Sa'an nan akwai babban tabkin da ke kwance bayan gari, wanda gadar Kata ta ƙetare, ya miƙa gabas ta wajen Epe, rafukansa kuma suka bi yamma har Badagiri. Wannan tabki gauraye ne: teku tana shigo masa ta bakin tashar jiragen ruwa, koguna irin su Ogun suna zubo masa ruwan daɗi. Da rani gishirinsa ya yi yawa, kifayen teku su shigo ciki. Da damina ruwan kogi ya rinjaya, su ja da baya, ya zama karfasa da dangin tarwaɗa sun fi yawa. Mai farawa ya fara da tabkin da rafukansa. Teku ta jira tukuna.

Babban abin da ya raba wannan ruwa da Kogin Kwara ko Tabkin Chadi shi ne yana cika yana janyewa, sau biyu a yini da dare. Daga cika zuwa janyewa sa'a shida ne da 'yan mintoci, daga janyewa zuwa cika haka. A gaɓar Ikko tsakanin cika da janyewa wajen mita ɗaya ne, a cikin tabkin bai kai haka ba, kuma yana makara kaɗan. Wata ne ke jan ruwan, rana tana taimaka masa. Shi ya sa mu da ke lissafin kwanakin wata muka fi kowa samun sauƙin wannan ilmi, in mun lura.

Ga yadda lissafin yake. Kowace rana cikar ruwa tana makara da wajen minti 50. In yau ya cika ƙarfe 8 na safe, gobe sai wajen 8 da minti 50, jibi wajen 9 da minti 40. Bayan mako guda makarar ta kusa sa'a shida, watau lokacin da ka saba ganin cika ya zama lokacin janyewa. Bayan kwana goma sha biyar ya komo kusa da inda ya faro. To, tun da haka ne, mutum ya samu ɗan littafi, ya riƙa rubuta kwanan wata da sa'ar da ruwa ya cika a wurin da yake tsayawa. In ya yi wata guda yana rubutawa, ya samu jadawalin da zai yi masa aiki kowane wata, da ɗan bambanci kaɗan. Yanzu ana samun jadawalin a waya, amma na bakin tashar jiragen ruwa ne, ba na lungun da kake tsaye ba.

Kazalika, ƙarfin ruwan ba ɗaya ba ne kullum. A tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha shida, ruwa yana cika ƙwarai ya janye ƙwarai, gudunsa ya yi ƙarfi. A kwana bakwai da takwas, da ashirin da biyu da ashirin da uku, ya yi sanyi. Kifi ya fi ci lokacin da ruwa ke motsi, don motsin ne ke taso masa da abinci daga laka. In ruwa ya tsaya cik, ko a ƙarshen cika ko a ƙarshen janyewa, cin ya ragu. Mu mun fi samu a sa'a biyu kafin ya gama cika da sa'a ɗaya bayan ya fara ja, balle in hakan ya dace da asuba ko dab da magariba. Wanda ya tafi da tsakar rana a kan janyayyen ruwa ya dawo ya ce babu kifi a Ikko, daidai yake da wanda ya je kasuwar ƙauye ran da ba ta ci.

Sai zancen kaya. Kada kowa ya fara da sanda mai ƙarfen naɗi irin ta masu yawon shan iska. Tana da kyau, amma kuɗinta ya isa jarin wata sana'a, gishiri kuwa yana cin ƙarfen naɗin in ba a iya kula da shi ba. Fatsar hannu ta isa. Abin da ake bukata: zaren nailan, ƙugiyoyi, dalma, abin naɗe zare, wuƙa, filaya, bokiti da tsohon buhu.

Ana sayar da zare da lambar kaurinsa. Na tabki ya zama milimita 0.40 zuwa 0.50, na farkon yana ɗaukar nauyin wajen kilo 10, na biyun wajen kilo 15 in sabo ne. Wanda zai tsaya wurin duwatsu ya ɗauki 0.60 ko fiye, ba don girman kifi kaɗai ba, don dutse yana cin zare, kuma siririn zare yana yanka hannu. Tsawon gaba 30 zuwa 50 ya wadatar. In za ka saya, warware kamu biyu ka ja shi tsakanin yatsu. In ka ji kaushi, ko ka ga ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari, ya sha rana a rumfa, bar shi ko da an rage maka kuɗi. A naɗe shi a jikin gorar roba mai santsi ko gwangwani dogo, domin in an yi jifa aka nuna bakin gorar wajen ruwa, zaren zai riƙa zamewa da kansa.

Ƙugiya kuwa, wadda aka fi sani a kasuwannin bakin ruwa ita ce Mustad ta ƙasar Nowe, ana sayar da ita a kwali ko a ƙirga. A ƙa'ida, in lamba ta hau ƙugiya ta ƙanƙance, amma kamfanoni ba su daidaita a kan lamba ba, saboda haka kada ka aiki yaro da lamba kaɗai. Auna da ido: wadda buɗin bakinta ya kai faɗin farcen ɗan ƙaramin yatsa ita ce ta yau da kullum, a haɗa da 'yan ƙanana kaɗan da manya biyu ko uku masu faɗin farcen babban yatsa. Kuskuren kowane sabon shiga shi ne sayen ƙatuwar ƙugiya don yana mafarkin ƙaton kifi. Ƙaramar ƙugiya tana kama babba, babbar ƙugiya ba ta kama ƙarami, ƙananan kuwa su suka fi yawa. Gwada tsininta a kan farce: in ta kama, tana da kaifi, in ta zame, a wasa ta da ɗan dutse.

Dalma ita ke kai ƙugiya ƙasa ta riƙe ta. A ruwa mai sanyi giram 30 zuwa 60 ya isa, a ranakun da ruwa ke gudu sai 100 ko fiye. In ka jefa ka ga zare yana ta tafiya gefe bai tsaya ba, dalmarka ta yi kaɗan. Wanda ba shi da dalma ya ɗaura tsohon fulogin mota ko babban noti, suna aiki, in sun maƙale kuma ba a yi asara ba. A nan muna da jan kunne. Wasu suna fasa tsohon batirin mota su narka dalmarsa a tukunya cikin gida. Kada a yi. Kun tuna abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara ɗaruruwa suka mutu. Hayaƙinta da ƙurarta guba ne, ba a narka ta inda ake girki ko inda yara ke wasa, ba a kuma matse ta da haƙori.

Ɗaurin ƙugiya mai ido: zura bakin zare ta idon, ja kamar taƙi ɗaya, naɗa shi a jikin dogon zaren sau shida, komo da bakin ta 'yar ƙofar da ta rage kusa da idon, sa'an nan ka zura shi ta babbar ƙofar da ka yi yanzu. Jiƙa da miyau kafin ka ja, don in an ja nailan a bushe yana zafi ya raunana. Ja a hankali har ƙullin ya zauna, ka yanke saura. A yi ta gwadawa a ɗaki har hannu ya iya cikin duhu, don da asuba za a bukace shi.

Haɗin da muka fi yarda da shi ga mai farawa shi ne dalma a can ƙarshen zare, ƙugiya biyu a samanta. Kamu ɗaya daga dalma a fitar da reshe mai tsawon taƙi guda a ɗaura ƙugiya, a ƙara kamu ɗaya da rabi a fitar da reshe na biyu. Rassan su gaza tazarar da ke tsakaninsu, in ba haka ba su sarƙe da juna. Amfanin wannan haɗi, dalma tana kwance a ƙasa, abinci yana lilo sama da laka inda kifi zai gan shi, kaguwa kuma ba ta kai masa da sauri. A wurin duwatsu a ɗaura dalmar da zaren da ya fi na sama rauni, domin in ta maƙale ita kaɗai za ta tafi. Kada a wuce ƙugiya biyu tukuna. Mai ƙugiya biyar a hannun wanda bai iya jifa ba, a kunnensa ko a rigar maƙwabcinsa take ƙarewa.

Yanzu abincin ƙugiya, wanda a ganinmu ya fi duk kayan da muka lissafa muhimmanci. Ranar farko da muka je, mun haƙo tana a bayan rumfa, muka haɗa da ɗan tuwo, yadda muka saba a rafin garinmu. Muka zauna har hantsi ko taɓawa babu. Tsohon nan yana gyaran komarsa yana kallonmu, can ya ce, "Malam, jawo in gani." Muka jawo, tanar ta mutu ta yi fari fat, tuwon kuwa ruwa ya tafi da shi tun tuni. Ya ce, "Wannan abincin kifin garinku ne, na nan bai san shi ba." Muka ce, "To Baba, me yake ci?" Ya sa hannu a kwandonsa ya miƙo mana jatan lande ɗanye cikin tafi. Kafin azahar mun kama huɗu.

Jatan lande ɗanye shi ne sarki a wannan ruwa, kusan babu kifin da ke ƙinsa. Ɗanye muka ce, ba busasshen da ake dakawa a miya ba. Ana samunsa wurin matan da ke tarbar masu kwalekwale da safe, ƙananan da ba su kai na sayarwa ba sun isa, kuma suna araha. A soka ƙugiya ta wutsiya ta bi cikin jikinsa ta fito wajen ƙirji, tsinin ya ɗan leƙo. Masu ɓoye tsini cikin nama wai kada kifi ya gani, su ne kifi ke cinye musu abinci ya tafi. In yana saurin zamewa, a ɗaure shi da zaren ɗinki zagaye uku, ko a barbaɗa masa gishiri tun dare ya ɗan yi tauri.

Na biyu shi ne yankan shawa ko wani kifi mai maiƙo. A fere gefensa, a yanka tsiri-tsiri kamar tsawon yatsa, da fatar a jiki, don fatar ce ke riƙe ƙugiya. Maiƙon yana bin ruwa ya kirawo manya. Na uku ƙananan kaguwa na bakin laka, a cire ƙafafu biyu a soka ta gurbin, suna da kyau wurin duwatsu. Akwai kuma abin nan mai hannuwa da yawa da ke fesa baƙar tawada, namansa fari ne mai yauƙi da tauri, yanka ɗaya yakan kama kifi biyu ko uku bai fita ba. Ko wanne ne, a ajiye shi a inuwa cikin jiƙaƙƙen tsumma. Abin da ya fara wari tarwaɗar teku da kaguwa kaɗai zai tara maka.

Wurin tsayawa: kifi ba ya zama a fili, yana son abin jingina. Ƙafafun gada, tsofaffin turakun katako, bakin rafi inda yake haɗuwa da babban ruwa, gefen itatuwan nan masu saiwa a waje, gindin duwatsu. Je ka duba wurin lokacin da ruwa ya janye, ka ga inda rami yake da inda tarkace yake, ka riƙe a ka. Ka nisanci inda manyan kwatocin gari ke zuba, kifin wurin ba na ci ba ne, ba na sayar wa mutane ba. Ka nisanci tashar jiragen ruwa, da wurin sauke mai, da wurin sojan ruwa. Ba a tsayawa nan sai da izini, wanda ya yi gardama zai rasa kayansa, wataƙila ya kwana a tsare. Bar Bich da muka sani a da babu ita yanzu, tun daga 2008 aka shiga cike wurin da yashi ana gina sabuwar unguwa.

Kuma kowane bakin ruwa yana da masu shi, kamar yadda kowace kasuwa take da sarkinta. Egun na Makoko, Ilaje, Ijo, sun riga ka zuwa da kakanni. Ka yi sallama, ka nemi shugabansu, ka faɗi abin da ya kawo ka. Kada ka jefa ƙugiya kan kallin wani. In ka ga gorar roba ko ɓallin soso suna jere a kan ruwa, raga ce a ƙasa. 'Yan'uwanmu na zangon Ankara da Sekondi su sani a yawancin gaɓar Gana masunta ba sa shiga teku ran Talata, baƙo ya kiyaye. A 2019 kuma gwamnatin can ta rufe teku ga masu kwalekwale wata guda don kifi ya hayayyafa, ta sake yin haka a wasu shekarun baya, saboda haka a tambaya kafin a fita. Na Bur Sudan kuwa lissafin watan nan bai dame su sosai ba, don cikar Bahar Maliya a wajensu kaɗan ce. Abin da ke damunsu duwatsun murjani masu yanke zare.

In za ka yi jifa, warware gorar a hannun hagu, saki kamar kamu uku na zare a dama, waiga baya ka tabbata babu kowa, wurwura dalmar sau biyu ko uku a gefenka, ka saki tana hawa gaba. Ba sai ka kai nesa ba, gaba goma zuwa sha biyar ya isa a yawancin wurare. In dalma ta zauna, ɗauke sakin zaren har ka ji nauyinta, ka ɗora zaren a kan yatsan nuni. A kan yatsa muka ce, ba a naɗe a yatsa ko a hannu ba. Muna da tabo a yatsa har yau daga ranar da muka naɗa, wani abu da ba mu ko gan shi ba ya fizga, zaren ya shiga nama kafin ya tsinke. A yanko robar tsohon tayan keke a sa wa yatsan.

Hannu zai koyi bambanta masu taɓawa. Ɗan ƙwanƙwasa da sauri-sauri, ƙananan kifi ne ke tsakura, kada ka fizga. Ja a hankali mai nauyi kamar an rataya tsumma, kaguwa ce. Na gaske yakan ƙwanƙwasa sau ɗaya ko biyu sa'an nan ya tafi da zaren, a nan za ka ɗaga hannu da ƙarfi sau ɗaya, ka shiga jawowa hannu bayan hannu, kana zuba zaren a ƙasa gabanka. In ya yi ƙarfi ka bar shi ya ja kaɗan ta tsakanin yatsu, in ya lafa ka ci gaba. Abin da ba a so shi ne zare ya yi sako-sako, nan ƙugiya ke fita. Kowane rubu'in sa'a a jawo a duba abinci. In an yi rabin sa'a uku babu labari, a sake wuri.

Abin da za a kama: kuroka, wadda ake ji tana gurnani in an fito da ita, tana son ƙasa mai yashi da laka, kasuwarta kuwa ba ta mutuwa. Jan kifin duwatsu da masu otal ke nema. Mai ƙyallin hanci da ke da gashi-gashi ƙarƙashin wuya, yakan yi girma ƙwarai. Obokun na Yarbawa, ɗan'uwan ragon ruwa, mai tsada a Epe. Barakuda mai haƙora kamar tsage, wadda ke datse nailan. In an ga zare yana dawowa a yanke sumul, ita ce, sai a sa taƙi ɗaya na siririyar waya kafin ƙugiya. Bonga kuwa, da ake kawo mana ita a ƙyafe har Arewa, kada a ɓata lokaci a kanta da fatsa, tace ruwa take yi, sai raga ko birgi.

Uku a yi hattara da su. Tarwaɗar teku tana da ƙaya uku masu dafi, ɗaya a baya biyu a gefe, a danne ta da buhu a karya su da filaya kafin a taɓa ƙugiya. Kunamar ruwa, mai faɗi kamar faifai, dafinta a ƙayar wutsiya yake. Sabon shiga ya yanke zare kawai ya bar ta. Wanda ɗayansu ya soka ya tsoma wurin cikin ruwan zafi iyakar wanda fata za ta jure ba ta ƙone ba, rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya da rabi, zafin yana kwantar da raɗaɗin, sa'an nan ya tafi asibiti a duba ko ƙaya ta karye a ciki, a yi masa allurar tetanus. Na ukun talibamban, mai kumbura ciki. Na teku yana da guba a hanta da ƙwai da fata, dafuwa ba ta kashe ta. Kada a ci, kada a sayar, kada a jefa wa kyanwa.

Wanda ya matsa sai ya je gaɓar teku, to ya ji wannan. Iyon kogi ba ya aiki a can. Ruwan da raƙuma suka turo gaɓa yana komawa ta wasu hanyoyi kamar kwata, da gudun da ya fi ƙarfin kowane mai iyo. Alamarsu ita ce wurin da ya fi kama da lafiya: raƙuma ba sa fashewa a nan, ruwan ya fi duhu, kumfa da tarkace suna tafiya ciki. In ya ɗauke mutum, kada ya yi kokawar komowa kai tsaye, ya yi iyo gefe, daidai da gaɓa, har ya fita daga hanyar, kana ya nufo tudu. Mai fatsa ba shi da dalilin shiga ruwa ya wuce gwiwa. Kada ya ba teku baya, kada ya taka dutse mai gansakuka, kada ya je shi kaɗai, kada ya bi ƙugiyar da ta maƙale. Daga Yuni zuwa Satumba teku ta fi hauka, a bar ta. Babbar riga kuma a tuɓe ta a ajiye, in ta jiƙa nauyinta ya isa ya kayar da ƙato.

Wasu za su ba ka shawarar gajeriyar hanya, a zuba Gamalin ko a jefa nakiya. Dokar kamun kifin teku ta 1992 ta hana duka biyun, masu ruwan kuma ba za su jira hukuma ba.

An kama, saura a fitar da kuɗi, nan ne namu fannin. Kifi a zafin Ikko ba ya jira, sa'o'i kaɗan ya fara juyawa. Wanda za a ci ko za a ƙyafe, a farke cikinsa nan take, a cire hanji da jan naman da yake numfashi da shi, a wanke, a rufe da jiƙaƙƙen buhu a inuwa. Wanda za a sayar ɗanye a bar shi sukutum, don masu saye suna buɗe marfin kunnen su duba, amma a sa masa ƙanƙara in da hali. Dillali ya san alamomin: ido tar ba hazo, ƙarƙashin kunne ja wur, nama in an danna ya taso. In za a yi banda a kawo Arewa, a yi lissafi da kyau, kilo uku na ɗanye wajen kilo ɗaya yake komawa in ya bushe ƙarau, ga kuɗin itace. Murhun Chorkor, wanda aka fito da shi a Gana a 1969, mai tire-tiren waya da ake jerawa bisa juna, ya fi tsohuwar ganga rage cin itace. Maganin ƙwari kuwa kada ya kusanci busasshen kifi, maganar da muka sha yi a kan wake ita ce a nan. In ƙwaro ya fara shiga a mayar da shi kan wuta.

Matan da ke sayen kifi a bakin ruwa za su yi maka tayin bashi: ga zare, ga ƙugiya, ga kuɗin abinci, in ka kama ka kawo. Ba mugunta ba ce, haka sana'ar take tafiya, masu kwalekwale da yawa da shi suke rayuwa. Amma wanda ya karɓa ya sani ya sayar da bakinsa, ita za ta yanka farashi, ba ya kai wa wata. Tun da kayan fatsar hannu ba su taka kara sun karya ba, gara uban gida ko ɗan'uwa ya saya wa yaro na farko. Yaron kuma kada ya saki dakonsa ko gadinsa tukuna. Ya yi wata biyu yana zuwa a sa'o'in da ruwa ke kyau, yana rubuta abin da ya kashe a jatan lande da dalma da kuɗin mota, da abin da ya sayar, da wanda aka ci a gida. Littafin zai gaya masa ko sana'a ce ko cefane kawai. Mu namu bai wuce cefane ba, sai dai ya rage mana kuɗin abinci a zaman jiran Ido, mai masaukinmu kuma ya daina ɗaure mana fuska.

In an dawo gida kowace rana, a wanke zare da ƙugiya da wuƙa da filaya da ruwan daɗi, a shanya a inuwa, a shafa wa ƙarafan ɗan man gyaɗa, a zuba ƙugiyoyin a kwalba mai murfi. Wadda ta taɓa ruwan gishiri kada a mayar da ita cikin sababbi, kwana biyu za ta sa musu tsatsa duka. A bi gaba biyu na ƙarshen zare da yatsa, in an ji ƙarzuwa a yanke a sake ɗauri.